Lambar da ba a yi wa Sa'ade ba

Na daɗe ina kewaye wannan shekara. Na rubuta muku yadda na koyi wanzanci a hannun mahaifina, na rubuta auren uwayenku da yadda muka haƙa rijiyar bayan gida, duk ban ji nauyin alƙalami ba. Amma duk lokacin da na iso nan sai in rufe kaye, littafin rubutun nan, in ce idona ya gaji. Ba idona ba ne. Yau na zauna a zaure tun da hantsi, na ce ba zan tashi ba sai na rubuta ta, domin akwai abin da ba zai jira mutuwata ba.

A shekarar mu ashirin da uku ne muke ci daga tukunya guda: ni, da uwayenku Hajara da Talatu, da ku da ba ku riga kun fita ba, da matan manyanku, da jikoki. Ɗana Sani ya tafi wajen haƙar zinari can bayan Agadas tun kafin ruwa ya sauka, ya bar mana matarsa Maryama da 'ya'yansu mata biyu. Babbar ita ce Sa'ade, tana da shekara shida a lokacin. Tun ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Hajara, domin ita ce 'yar farin Maryama, kuma Maryama 'yar gidan kunya ce ta gaske. Ba ta kama sunan yarinyar. Ba ta zuba mata tuwo a gaban mutane. In Sa'ade ta faɗi ta fasa gwiwa, Maryama kan kau da kai ta ci gaba da tankaɗe, sai dai ka ga hannunta ya rage sauri. "Yarinyar Inna" take ce mata. Ni kuwa ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In ta hango ni a hanyar rijiya sai ta ratse ta durƙusa har in wuce. Saboda haka duk abin da ya shafi Sa'ade a hannuna yake, ni da Hajara, kuma a gidan nan kun san hannun Hajara a ƙarƙashin nawa yake.

Ni da Sa'ade ba mu da kunya tsakaninmu. Kullum da safe ita ke kawo mini kunu zaure, ta tsaya tana kallona ina wasa aska.

"Tsoho, kana aske kan kowa, kai naka wa ya aske shi har ya manta bai mayar ba?"

"Ke tafi can, na fasa auren. Matar da ba ta da haƙoran gaba me zan yi da ita?"

"Nawa za su fito. Naka fa?"

A ƙarshen daminar ne ciwon maƙogwaro ya shigo ƙasar, wanda ake kira mashaƙo. Wanzami yana riga kowa jin labari, domin ƙafarsa tana shiga kowane gida. Wani ƙauye ta wajen Yekuwa aka kira ni in duba yaro, an ce belu ne ya sauko masa. Na danne harshensa na leƙa, na ga wata yana fara-fara mai duhu ta shimfiɗe a maƙogwaron kamar yanar kunun da ya huce, ga wuya ya kumbura, ga wani wari da ban taɓa ji a bakin yaro ba. Na ce musu wannan ba aikina ba ne. Na ɗaure zabirata na dawo. Bayan kwana biyu na ji an binne shi. Ku riƙe wannan: na ga ciwon da idona tun kafin a ce mana komai. Ba zan iya cewa ban sani ba.

Yanzu sai in faɗa muku abin da ke tsakanina da Majo, wato babban ma'aikacin asibitin Waca na lokacin. Shekara guda kafin wannan, an tara mu wanzamai da unguwarzoma a ƙofar maigari, ya tsaya ya ce cire wa jarirai belu ba shi da amfani, yana zubar musu da jini, wasu ma yana kashe su. Bai kama sunan kowa ba. Amma da ya faɗa, mutane suka waiwayo suka dube ni, domin ni ne babba. Wani yaro matashi ya yi dariya. Na koma gida ranar ban ci tuwo ba. Aikin da ubana ya yi, kakana ya yi, shi ne wani ɗan lakwal, ɗan boko da bai kai Sani shekaru ba, ya tsaya ya ce kisa ne. Na haɗiye maganar, ta zauna mini a ƙirji shekara guda.

To, shi wannan Majo ne ya zo zaurena wata safiya a kan moto, wato babur. Ya yi sallama, ya cire hula, ya zauna a kan buzu ya ce in yi masa aski. Na jiƙa kan, na fara. Sai da aska ta iso bayan kunnensa sannan ya yi magana.

"Baba Wanzam, jibi za mu fara lamba, allurar rigakafin ciwon nan, a ƙofar maigari, kwana uku. Manya da yara. So nake kai ne na farko."

"Ni? Ai ni na wuce lamba. Ku yi wa masu sauran kwana."

"Kai ne ka fi kowa bukata. Numfashin gari duka a fuskarka yake sauka, naka kuma a tasu. Daga bakin mara lafiya ka tashi ka je ka riƙe kan jinjiri ɗan kwana bakwai. Kuma in mutane suka ga ka miƙa hannu, ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba."

"Wanda ke kashe jarirai shi za a sa a gaba?"

Ina jin jijiyar wuyansa tana bugawa a ƙarƙashin yatsana.

"Ranar na yi gaggawar baki a gaban mutane," in ji shi. "Abin da na faɗa ban janye ba, amma da na same ka a nan na faɗa maka mu biyu. Ka yafe mini."

Da ni mutumin kirki ne da maganar ta ƙare a nan. Mutum ya kawo kansa ƙarƙashin askata ya roƙe ni gafara. Amma ni abin da na ji kawai shi ne "ban janye ba". Na goge masa kai, na ce sai na yi shawara.

Na yi shawarar kuwa, irin ta wanda ya riga ya san abin da yake so ya ji. A majalisar bakin masallaci wasu na cewa allurar tana kashe ƙarfin namiji, wasu na cewa tana hana mata haihuwa, wani ya ce ɗan ƙanensa a Dungas hannunsa ya kumbura har sati. Limaminmu ya ce shi bai ga haramci a ciki ba, neman magani ne, shi da iyalinsa za su je. Wannan ban ɗauke ta ba. Ta kumburin hannu na ɗauka na riƙe, domin kaka ta yi, sunaye da kaciya suna nan jere, wanzamin da hannunsa ke rawa kuwa ba wanda zai ba shi kan ɗansa. Ta ƙarfin namiji ma ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Da na ɗan taɓa wa Hajara zancen tana tsince wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, goma sha huɗu ka haifa. Gemunka ya yi fari fat. Me kake ajiya kuma, wa kake ajiye wa?"

Talatu na can bakin murhu ta tuntsire da dariya har tana tari.

"Ku mata ba ku san komai ba," na ce.

"Mun san wari," in ji Hajara. "Kai da bakinka ka ba mu labarin yaron can. Ni dai in ka bar ni zan kai yaran."

"Ban hana ba. Na ce a dakata."

Washegari Buba ya zo aski, abokina Bafillace da ke da ruga da gona a gabas da mu. Na zaci shi zai goyi bayana, mutumin daji. Da na gaya masa sai ya kama gemunsa yana kallona.

"Kaɗo, kai dai ba ka da kai sai na aski. Ni kowace shekara ina kora shanuna a yi musu lamba, a tsaga musu kunne. Ka taɓa ganin garkena ya daina haihuwa? Bijimina ya kai ka shekaru a nasu lissafin, jeka tambaye shi."

"Ni ba sa ba ne."

"Wallahi ba sa ba ne, sa ya fi ka jin magana. Kai da ke tsaga bayan mutane ka kafa musu ƙaho ka zuƙe jini, 'yar allura ce ta sa ka zufa?"

Na yi dariya tare da shi, amma cikina ba dariya. A ranar kuma da la'asar Sani ya kira. Inda yake waya ba ta kamawa sai ya hau wani tudu, saboda haka maganarsa gajera ce kullum. Ya ce ya ji labarin ciwon, don Allah in ana lamba a kai masa yaransa da uwarsu. Na ce to.

Na auna abin ta kowace fuska, kuma ina so ku san ba cikin kwanciyar rai na auna ba. In na tuna maƙogwaron yaron can sai in ce gobe ni ne na farko a layi. In na tuna dariyar matashin nan a ƙofar maigari sai in ga kaina zaune a wuri guda, hannuna a miƙe, Majo a tsaye a kaina, gari na kallo. Sai in ce ba dai ni ba. Kuma na san in yara suka je ni ban je ba, za a ce gidan Wanzam ya bi Majo ya bar Wanzam. Ban iya cewa a'a a fili ba, domin maigari da liman sun yarda. Sai na nemi hanyar da ba sai na ce komai ba.

Gyaɗarmu ta gonar nesa ta isa cira. Ta isa, amma da ta jira kwana uku ba abin da zai same ta. Ranar da za a fara lamba na tashe gidan tun da assalatu, na ce hadarin ƙarshe na iya saukowa gyaɗa ta tsira a ƙasa, kowa ya fito, har masu tsintar ƙwaya. Na ɗaura wa jaki amalanke na loda yara. Kwana uku muna fita kafin masu lamba su iso, muna dawowa bayan sun naɗe tabarmarsu. Ba wanda ya zarge ni. Kaka ce, kowa na gona. Hajara ta gane, ta dube ni sau ɗaya ta ɗauki ƙwaryar fura. Maryama ma ta gane. A rana ta biyu na ga ta matsa kusa da Hajara a gindin gawo tana magana ƙasa-ƙasa, daga baya Hajara ta zo ta ce Maryama tana tambaya ko za a bar ƙananan a gida gobe. Na ce gyaɗa ba ta tsince kanta.

Bayan sati Sani ya sake samun tudu.

"Baba, an yi wa yaran?"

Hajara na tsaye a bakin zaure da butar ruwa.

"An yi," na ce.

"Alhamdu lillahi. Yanzu hankalina ya kwanta."

Kalma biyu ce. Ban shirya ta ba, ta fito ne kamar ta daɗe tana jira a bakina. Da wata ya zagayo masu lamba suka dawo zagaye na biyu, sai na sake yin abin da na yi, wannan karo da roron wake. Na biyu ya fi na farko sauƙi, wannan shi ne abin tsoro a cikin irin wannan hali.

Ba mu gama sussukar wake ba Sa'ade ta kwanta. Ranar farko zazzaɓi ne, ta kawo mini kunu ta ajiye ba ta tsokane ni ba. Rana ta biyu ta ƙi haɗiye ko fura. Na ba ta jiƙo da zuma, na ce sanyi ne. A rana ta uku da hantsi Hajara ta fito da ita tsakar gida a kafaɗa, wuyanta ya cika har haɓa ta ɓace, numfashinta na fita da wata 'yar ƙara kamar ana busa kara. Na durƙusa na danne harshen. Kafin in gani na ji warin. Sannan na ga yanar.

A nan ne laifina mafi girma yake, ya fi na gyaɗa, ya fi na waya. Na san abin da na gani. A ƙauyen can, ɗan wani ne, na ce ba aikina ba ne. A gidana, jikata ce, na ce belu ne. Domin in na kai ta likita Majo zai tambaye ni ko an yi mata lamba, ni kuwa ba ni da fuskar amsawa. Na ce wa raina wataƙila in na cire belun hanyar iska za ta buɗe. Na ce a kifa turmi, a kawo toka da ruwan ɗumi. Hajara ta zauna ta rungume ta ta baya, tana cewa, "Malam, ka tabbata? Malam, ka duba da kyau." Na buɗe zabira na zaro 'yar askar nan mai lanƙwasa. Sa'ade ba ta yi kuka ba, ba ta da iskar kuka. Idonta kawai ke bin hannuna.

Maryama na can ƙarshen gida tana daka. Ban lura da dakan ba sai da ya tsaya. Na ji takunta a bayana, ba takun mai zuwa durƙuso ba. Ta zagayo ta tsaya tsakanina da turmin, ba mayafi, garin gero a hannuwanta har gwiwar hannu, ta dube ni cikin ido.

"Baba, ba za a yanka ta ba."

Talatu ce ta fara samun baki.

"Ke Maryama! Kanki ɗaya kuwa? Gaban surukinki? A kan 'yar fari?"

Ba ta ko waiwaya ba.

"Na yi shiru ranar gyaɗa. Na yi shiru ranar wake. Baba, ka aika wa ɗanka ya ba ni takardata in ka ga dama, amma askar nan ba za ta shiga bakinta ba." Sai ta juya ta miƙa hannu biyu. "Sa'ade. Sa'adatu, taso, zo nan."

Shekara shida ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ita yarinyar ma sai ta tsaya tana kallonta kamar ba ta gane da wa ake ba. Hajara ta sassauta hannu ta sake ta.

"Malam," in ji Hajara, "mayar da askar."

Na mayar. Ba don na tuba a lokacin ba, kada in yi muku ƙarya ta biyu. Hannuna ne ya ƙi tsayawa.

Aka samo mai moto. Maryama ta goya ta kamar jinjira, ƙafafun yarinyar na reto, suka kama hanyar Waca. Ni da Hajara muka bi a amalanke. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Duk moton da ya ɓullo daga gaba sai in miƙe tsaye in ga ko su ne suka juyo, domin in suka juyo da wuri na san ma'anarsa. Hajara na jan carbi har muka isa.

Mun tarar an keɓe ta a wani ɗaki, Majo ya rufe hanci da baki. Ya fito ya same ni a inuwa.

"An taɓa wuyan da aska?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Da an taɓa, jini da yanar nan da sun toshe ta tun a gida. An yi mata lamba?"

Na dubi ƙasa. Maryama na tsaye a bakin ƙofa, ta mayar da kanta ƙasa ita ma, ta bar mini amsar.

"Ba a yi ba."

"Sauran yaran?"

"Ko ɗaya."

Na jira faɗa. Na so ya yi faɗan, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Mutum nawa ne a gidan?" Ya kira motar likita ta kai ta Magarya, inda maganin ciwon yake, ita da uwarta. Ya ce ba zai yi mini alkawarin komai ba, an makara, amma ba a makara duka ba.

Washegari ya zo gidanmu da akwatin sanyi da ƙwayoyin da kowa zai sha. Ba ƙofar maigari, ba taron gari, mu kaɗai a tsakar gida, turmin na nan a kife inda aka bar shi. Ban jira ya kira ni ba. Na naɗe hannun riga na hagu na zauna. Har a lokacin duk zantukan majalisa suna yawo a kaina, na rufe ido. Kafin in gama bisimilla ya ce in tashi. Hannun ya yi tsami kwana biyu, na ɗan ji zazzaɓi, shi ke nan. Abin da na loda yara a amalanke na gudar da su saboda shi ke nan. Ya hana ni aski har sai na gama shan ƙwayoyin, sunaye uku suka wuce ni, wani wanzami ya yi, duniya ba ta tashi ba.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Kowace safiya ina jera yaran gidan a rana ina leƙa maƙogwaronsu ɗaya bayan ɗaya. In wani ya yi tari a bayan ɗaki sai in tashi in je in duba shi. Wayata na hannuna ko a masallaci. In ta yi ƙara ba na iya dannawa, sai in miƙa wa Hajara in tsaya ina karanta fuskarta. Rana ta huɗu aka ce numfashin ya fara sauka. Rana ta shida aka ce ta sha kunu. Sai bayan sati biyu suka dawo, ta rame kamar kara, tana magana ta hanci, in ta sha ruwa wani ya fito ta hancin. Majo ya ce a hana ta gudu da ɗaukar kaya har wata biyu, ciwon yakan taɓa zuciya bayan an zaci ya wuce. Wata biyun nan ban bar ta ta ɗauki ko ludayi ba. Wata safiya ta zo zaure ta jingina da bango tana kallona.

"Tsoho, an ce da za a yi maka allura rufe ido ka yi."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kowa. Ni goma aka yi mini ban rufe ba."

Na ce ta matso. Na riƙe kanta a ƙirjina, ta ce in sake ta, warin tsufa nake.

Allah ya bar mana ita. Ban cancanta ba, amma ya bar mana. Da labarin ya tsaya nan da ban sha wahalar rubuta shi ba. Matan gari sun ɗauki zancen Maryama suka yi ta yawo da shi, wai ta tsaya gaban surukinta ba mayafi, wai ta kira sunan 'yar fari a tsakar gida kamar 'yar birni. A biki ana nuna ta da baki. Kalma guda daga gare ni da ta kashe zancen. Ban faɗa ba, domin in na ce tana da gaskiya sai an tambaye ni gaskiyar mece ce.

Sani ya dawo da bazara. Ranar da ya iso ya ɗora Sa'ade a cinya yana taɓa wuyanta, ni da Hajara muna zaune, Maryama na zuba masa ruwa. Sai ya girgiza kai.

"Ka gani ko, Baba? An yi mata lambar, ga shi ta kamu har ta kusa tafiya. Ashe zancen banza ne. Ni da na sani ma da ban ce a yi ba."

Ruwan da Maryama ke zubawa ya cika moɗa ya zube a ƙasa. Hajara ta dube ni. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe mini a shekarar, na ce, "Komai nufin Allah ne." Maryama ba za ta ce wa miji ubansa ya yi ƙarya ba. Hajara ba za ta tona ni gaban ɗana ba. Bayan wata guda Sani ya kwashe iyalinsa zuwa Damagaram inda ya buɗe shago. Maryama ta haɗa kayan Sa'ade tare da nasu ba ta tambayi kowa ba, ni kuma ban da bakin hanawa.

Damina uku ke nan. Watan jiya Maryama ta zo ganin gida da sabon goyo, namiji, wanda aka sa wa sunana. Ni na yi masa askin suna a can, ban cire masa belu ba, ban kuma sake cire wa kowa ba tun shekarar. Ranar da za ta koma ta zo bayan zanan zaure ta durƙusa, inda nake jin muryarta ba na ganinta. Wannan ne karo na biyu a rayuwarta da ta yi mini magana ba ta bakin Hajara ba.

"Baba, ya hana a kai yaron awo. Ya ce ba allurar da za a sake yi wa ɗansa, ya ga amfaninta a kan yarinyar Inna. Na yi magana har na gaji. Ni ba zan iya faɗa masa ba."

Na ji tashinta.

Na ɗauki waya sau uku tun ranar, in na ji muryarsa sai in tambaye shi kasuwa. Bakina ya saba da ɓoyon, hannuna ne kawai bai saba ba, shi ya sa na rubuta. Ku sauran 'ya'yana, ku sani Maryama ba mara kunya ba ce. Duk wanda ya ji an faɗa, ya ce Wanzam da kansa ya ce ita ce ta tsare masa hannu daga jinin jikarsa. Waɗannan shafuka kuwa ba za su jira sauran littafin ba, gobe zan yage su in ba direban motar Damagaram.

Sani, da kai nake. Ranar da ka hau tudu ka tambaye ni, ƙarya na yi maka. Ba a yi wa Sa'ade lamba ba, ba a yi wa kowa ba, ni na kwashe su na kai gona. Ba lambar ce ta kasa tsare 'yarka ba, ubanka ne. Ka yi fushi da ni iyakar yadda kake so, ka daina gaishe ni in ka ga dama, zan ɗauka. Amma kafin ka fara fushin, ka ba Maryama karnen yaron, katinsa na awo, ta kai shi likita.